Ƙatuwar kabewa ko madaidaiciya: wacce za ku shuka don sassaƙar kaka?

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin kabewa na Circleville, wani ƙaramin gari da ke kudu da Columbus a jihar Ohio, ya san yadda abin yake kama mutum. Tun 1903 suke yin sa, a tsakiyar watan Oktoba. A toshe tituna, a jera kabewa iri-iri, can a tsakiyar gari kuma ga wasu ƙatti da sai da inji ake ciccibarsu zuwa kan sikeli. Ranar da na fara kai iyalina, ban gama kallo ba autarmu ta ja mini riga ta ce, "Abba, mu ma mu shuka irin wannan." Yayyenta biyu suka mara mata baya. Ni kuwa ɗan manomi ne, na tashi ina ganin kabewa na yaɗo a jikin danga ba mai ko waiwayarta, sai na ce me zai hana. Uwargida ta dube ni ta yi shiru, irin shirun nan da ba ka gane fassararsa sai bayan wata shida.

Yanzu kaka huɗu ke nan muna noman kabewa a bayan gida, biyu mun yi ƙatuwa, biyu mun yi madaidaiciya. 'Yan uwa mazauna Amurka da Kanada da suka ga hotunan yara sukan tambaye ni wacce za su shuka. Amsar da nake fara ba su tambaya ce: me kuke nema, noman ko sassaƙar, wato fafe kabewa a yi mata zane a sa fitila a ciki? Mutane na ɗauka abu ɗaya ne, ka shuka babba ka sami babban abin sassaƙawa. Ba haka ba ne. Kabewa biyu ce daban, an zaɓo kowacce don wata buƙata daban, kuma wadda ta fi daɗin nomawa ba ita ta fi daɗin sassaƙawa ba.

Ƙatuwar da ake gani a gasa sunan irinta Atlantic Giant, daga dangin da masana tsirrai ke kira Cucurbita maxima. Wani manomi ne a garin Windsor na lardin Nova Scotia a Kanada, Howard Dill, ya kwashe shekaru yana zaɓen iri har ya fitar da ita. Kafin zamaninsa, kabewar da William Warnock na Ontario ya kai baje kolin duniya na St. Louis a 1904, mai kilo 183, ta shafe sama da shekara saba'in ba a wuce ta ba. Dill ya kai kilo 224 a 1981, daga nan kuma irinsa ya bazu a hannun masu gasa, kowa na haɗa mafi nauyi da mafi nauyi. A 1996 a jihar New York aka haye laba 1,000 a ma'aunin Amurkawa, wato kusan kilo 454. A 2012 Ron Wallace na Rhode Island ya haye laba 2,000, wato kusan kilo 907. Stefano Cutrupi ya auna kilo 1,226 a Italiya a 2021, sai Travis Gienger na Minnesota ya zo da mai kilo 1,247 gasar Half Moon Bay ta California a 2023. Na kawo lissafin nan ne don a ga abu guda: shekara arba'in da ɗoriya sikeli kaɗai ake tambaya. Ba wanda ya damu da kyan launi, ko daidaiton siffa, ko ɗanɗano. Shi ya sa da yawansu fari-fari ne ko ruwan ƙwai mai kashe-kashe, sun baje a ƙasa kamar buhun da aka jiƙa, gefe ɗaya a shafe saboda nauyin da suka kwanta a kai.

Madaidaiciyar kuwa, wadda ake tarawa a ƙofar manyan kantuna tun daga Satumba, yawanci irin Howden ce ko 'yan uwanta, daga wani dangin daban, Cucurbita pepo. John Howden, manomi a Massachusetts, shi ya tace ta daga tsohuwar kabewar gona da ake kira Connecticut Field. Abin da ya nema shi ne wadda za ta zauna daram da gindinta, launinta ja-ja mai haske, jikinta da layuka a tsare, ga mariƙi mai kauri da ba ya ɓallewa. Nauyinta kilo 9 zuwa 13, cikinta fayau, bangonta bai wuce faɗin yatsa biyu ba. Wato dai tun daga iri an yi ta ne don wuƙa da fitila.

To, mu fara da fili, don shi ne yake kore yawancin mutane tun kafin a je ko'ina. Gindi ɗaya na ƙatuwa yana son murabba'in mita 40 zuwa 90, rana na dukansa tun safe har yamma. Babban yaɗon yana tafiya gaba, rassa na fita dama da hagu, ganye ɗaya ya kai faifai biyu. A gidanmu ya cinye bayan gida kaf, wurin ƙwallon yara da wurin shanya duka, har ya fara leƙa shingen maƙwabci. A daidai wannan filin za ka shuka gindi takwas ko goma na Howden, kowanne ya ba ka ɗa ɗaya ko biyu. In filinka ƙarami ne, gindi uku sun ishi yara uku. Mai zaman haya ya fara tambayar mai gida, mai zaune a unguwar da ke da ƙungiyar masu gidaje ya duba dokokinsu, don wasu ba sa yarda a tone ciyawar tsakar gida. Wanda kuma ɗan fegi ya samu a lambun jama'a na unguwa, ya cire ƙatuwa daga ransa, sai dai in yana neman faɗa da maƙwabtan fegi.

Sai lokaci, kuma a nan ne bambancin yake da nisa ƙwarai.

Howden ba ta da rigima. In ƙasa ta yi ɗumi, tsakanin ƙarshen Mayu da tsakiyar Yuni a irin yankinmu, ka tona rami ka zuba taki ka sa ƙwaya uku ko huɗu, in sun tsiro ka rage. Ka yi cirar ciyawa har ganye ya rufe ƙasa, ka ba ta ruwa sosai sau ɗaya ko biyu a mako in ba a yi sama ba. Ƙudan zuma su yi maka barbara. Kwana 110 zuwa 115 ta nuna. Yaro ɗan shekara bakwai zai iya riƙe gindinsa da kansa, in dai akwai mai tuna masa.

Ƙatuwa kuwa raino ce, kamar an kawo maka jariri. Tun ƙarshen Afrilu ake fara ta a cikin ɗaki, a goge gefen ƙwayar da ɗan abin gyaran farce don ɓawonta na da kauri, a jiƙa, a sa a tukunya a wuri mai ɗumi. A Mayu a dasa ta waje a yi mata 'yar rumfar leda saboda sanyin dare. Da ta fara yaɗo sai aiki ya taso: kowane reshe a miƙar da shi, a binne gaɓoɓinsa da ƙasa don su yi sabbin saiwoyi, ƙananan rassan da ke fita daga jikin rassa a tsinke su. Ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli ake barbara, kuma masu yi da gaske ba sa barin wa ƙudan zuma. Da yamma za ka rufe macen furen da ka ga za ta buɗe gobe, wadda ke da ɗan ƙullutu a gindinta, da asuba ka tsinko namijin fure ka shafa mata garinsa ka sake rufewa. Furen safiya ɗaya yake yi, in ka makara shi ke nan. Ni na daidaita abin da sallar asuba, daga sallama sai lambu da tocila. Bayan kwana goma ko makamancin haka za ka duba 'ya'yan da suka kama, ka zaɓi guda, galibi wanda ke kan babban yaɗo mita uku ko huɗu daga gindi, sauran ka yanke su ka zubar. Ranar da na yi wannan yankan autarmu ta yi kuka har da majina, don ta riga ta raɗa wa kowanne suna.

Wanda aka bari kuma sai hidima. A shimfiɗa masa yashi ko katako don kada damshi ya ruɓar da ƙasansa, a kafa masa inuwa ko a lulluɓe shi da farin zani don kada rana ta taurara fatarsa ya tsage, a lanƙwasa yaɗon tun yana ɗanye don kada kabewar ta girma ta fizge kanta daga uwarta. A tsakiyar Agusta, lokacin da ganye ya cika, gindi ɗaya na iya shan lita 200 zuwa 400 a rana. Takardar kuɗin ruwan wancan watan ce ta fassara mini shirun uwargida. Ta ajiye mini ita kusa da kofin shayi ta ce, "Malam, ga saƙon amaryarka."

Amma in na tsaya a kan wahalar kaɗai na yi wa ƙatuwa rashin adalci. Akwai abin da take bayarwa wanda Howden ba za ta taɓa bayarwa ba. A ganiyar girmanta, ta masu gasa kan ƙara kilo 15 zuwa 20 a rana guda. Tamu ba ta kai haka ba, amma ka duba ta da safe ka dawo da yamma ka ga bambanci da idonka. Masu wannan noma suna da hanyar ƙiyasta nauyi ba tare da sikeli ba: a auna kewayenta da tef, a auna daga ƙasa zuwa ƙasa ta samanta a tsaye, a sake aunawa a kwance, a haɗa ukun a duba jadawali. Babban ɗana, wanda lissafi ke ba shi ciwon kai a makaranta, shi ya karɓi wannan aikin. Ya samo littafi ya ja layuka, kullum bayan la'asar yana can da tef ɗin ɗinkin mamarsa. Wata biyu ban ji ya nemi wasan kwamfuta kafin ya yi awo ba. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗin ruwan. Sabon shiga mai iri mai kyau da ƙasa mai kyau zai iya samun kilo 100 zuwa 200 a shekarar farko, kuma wannan ya isa ya tsayar da motoci a layinku.

Ga wani abu da littattafan lambu na Turawa ba za su faɗa maka ba, don ba su san da shi ba. Yawancinmu hutun makaranta na Yuli da Agusta shi ne lokacin zuwa gida ganin iyaye. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin barbara da zaɓen ɗa da ban ruwan kullum. In kuna da niyyar tafiya Kano ko Maraɗi na mako huɗu, maganar ƙatuwa ta mutu a wannan shekarar. Ba maƙwabcin da zai yi maka wannan hidimar, ko da kuna ɗasawa. Howden kuwa, ka sa mata tiyo mai agogo, ka roƙi wani ya riƙa leƙawa sau ɗaya a mako, za ka dawo ka tarar da ita cikin ciyawa amma da 'ya'yanta. Mu ma abin da ya sa muka koma madaidaiciya a shekara ta biyu ke nan.

Kuɗin iri ba shi ne matsala ba. Fakitin Howden ko na Atlantic Giant na kanti 'yan daloli ne. Masu gasa ne ke sayen ƙwaya mai asali, wadda ake kira da nauyin uwarta da sunan manominta da shekararta, har takan kai ɗaruruwan daloli a gwanjo. Iyali ba sa buƙatar wannan. Ƙungiyoyin masu noman ƙatuwar kabewa suna nan a jihohi da yawa, kuma membobinsu sukan ba sabon shiga iri mai kyau kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Inda kuɗi ke tafiya shi ne taki, gwajin ƙasa, leda, tiyo, magani da ruwa.

Maganar magani ta kawo mu ga kasada. Abokan gabar duka biyun ɗaya ne: farar fumfuna da ke rufe ganye a ƙarshen zafi, ƙwaron kokwamba mai ratsi wanda ke ɗauko cutar da ke sa yaɗo ya yanƙwane, da kuma mafi sharri, wata tsutsa da ke huda kara ta shige ciki tana ci. Alamarta ɗan gari kamar dusa a gindin kara. Bambancin shi ne abin da ka yi asara in abin ya faru. Mai gindi takwas in biyu suka mutu, saura shida. Mai ƙatuwa dukiyarsa guda ce tal. Kuma ba ƙwari kaɗai ba: ruwan sama mai yawa bayan 'yan kwanakin fari na iya sa ta kumbura da sauri ta tsage, ɓera ya huda ta ta ƙasa, barewa ta shigo da dare ta gatsa. A gasar da ke bin dokokin Great Pumpkin Commonwealth, wato ƙungiyar da ke kula da auna irin waɗannan, in tsagar ta kai cikin kabewa an cire ta daga lissafi. Ƙatuwarmu ta biyu haka ta ƙare, mako uku kafin ranar da muka sa. Na fito da safe na ji wani ɗan wari, na taɓa wajen cibiyarta yatsana ya nutse. Wata biyar na aiki. Waccan shekarar a kanti muka sayo kabewar da yara suka sassaƙa, kuma har yau in an tuna sai a yi mini dariya.

In ta tsira, ɗaukarta ma wani aiki ne. Tamu ta farko da muka ƙiyasta kusan kilo 140, sai da na tara maza biyar muka mirgina ta kan tamfol muka kama gefe-gefe, daga bayan gida zuwa gaba, muna hutawa sau uku. Kada wanda ya kama mariƙinta. Wadda ta haura kilo 250 kuwa sai an kafa ƙafafu uku na ƙarfe da sarƙa da igiyoyi, ko a nemo inji. Ka yi wannan shawarar tun ranar dashe, ka duba ko za ta wuce ta ƙofar shingenka, don ba a fafe gora ranar tafiya. Howden yaro ɗan shekara goma zai rungumo tasa.

Yanzu ranar sassaƙa, wadda don ita aka yi duk wannan.

Da madaidaiciya, kowa da tasa. A shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tebur ko a ƙasa, babba ya yanke murfi. Ni na fi son yankewa ta ƙasa maimakon ta sama, don a ɗora kabewar a kan fitila kawai, kuma mariƙin ya zauna lafiya ba ta saurin yanƙwanewa. Yara su zura hannu su kwashe totuwa da ƙwaya, abin da ƙanana suka fi so ke nan, su kankare ciki da babban cokali, su zana abin da suke so da alƙalami. Yankan da ɗan ƙaramin zarton nan ake yi, wanda ake sayarwa don wannan aikin, ba da wuƙar kicin ba. Wuƙa mai kaifi takan maƙale a bango, ka ja da ƙarfi ta kufce ta sami ɗaya hannun, kuma likitocin hannu a Amurka duk Oktoba sai sun yi gargaɗi a kan wannan. Awa ɗaya da rabi an gama. A kashe wutar ɗaki a kunna fitilun, kowa ya nuna tasa, a yi gardamar wa ya fi. In yaro ya ɓata, akwai wata a ajiye.

Da ƙatuwa labarin ya sha bamban. Bangon tamu ya fi faɗin tafin hannuna, na manyan gasa kuwa wajen kafaɗa yakan haura santimita 20. Ɗan zarton yara ko fata bai gama ratsawa ba. Sai da na ɗauko zarton yankan bangon ɗaki, wasu ma da na lantarki suke yi. Wato duk aikin yanka ya koma hannun babba ɗaya, yara suna tsaye nesa ana ce musu su matsa. Kwashe ciki dai sun more shi, autar ma shiga ta yi ciki dungurungum aka ɗauke ta hoto, hoton da kakarta ta sa aka wanke mata ta rataye a ɗaki. Amma da aka zo zane sai rigima: kabewa ɗaya, masu ra'ayi uku. Na raba musu fuska-fuska, wanda ya sami gefen da ya kwanta a ƙasa, mai shafe da tabo, ya yi fushi ya shige ɗaki. Haske kuma bai fito yadda muka zata ba. Rami a bango mai wannan kauri kamar taga ce a ginin ƙasa, sai ka tsaya daidai saitinsa kake ganin fitilar. Kyandir ɗaya ba ya komai, sai da muka sa fitilar lantarki mai ƙarfi.

Inda kaurin nan yake zama alheri shi ne ga mai sassaƙa ta gaske, wanda ba ya huda bango, sai dai ya kankare fata ya riƙa rage tsoka da kayan aikin masu ginin yumɓu har siffa ta fito da tudu da kwari. Irin aikin da Ray Villafane ya yi suna da shi ke nan, har ya sassaƙa ƙattin gasa a lambun tsirrai na birnin New York. In a gidanku akwai matashi ko matashiya mai hannun zane da haƙurin zama awa biyar, ƙatuwa allo ce da ba kamarta. In yaranku 'yan ƙasa da shekara goma ne, kallo kawai za su yi.

Na san wani zai ce, wannan ba al'adar Halowin ba ce? Asalinta can ne. Mutanen Ailan da Sikotland ne ke fafe wani tushe mai kama da gwaza su yi masa fuska su sa wuta a ciki a daren 31 ga Oktoba, da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 suka tarar kabewa ta fi sauƙin fafewa. Mu a gidanmu ba ma bikin, ba ma kuma sassaƙa fuskoki. A farkon Oktoba muke namu, kuma zanen ƙwarya muke yi, irin wanda na tashi ina gani a ƙoren mahaifiyata: layuka masu karkace, dara-dara, taurari, dagi a tsakiya. Kowane gida da inda ya ja layinsa, ba ni zan yanke wa kowa ba. Abin da ya shafi zaɓinmu dai shi ne irin wannan zanen ya fi fitowa a jikin Howden, don in ka kankare jar fatar sai tsoka mai haske ta bayyana, zanen ya fito raɗau ko da rana, da dare kuma in ka rage bangon ta ciki haske ya ratso. Fatar ƙatuwa da tsokarta kusan launinsu ɗaya, sai ka yi zurfi kafin a ga abin da ka zana. Wani dattijo maƙwabcinmu, Ba'amurke, ya tsaya ya daɗe yana kallon dagin, ya tambayi ma'anarsa, washegari ya kawo jikarsa a koya mata.

Bayan sassaƙa duka biyun kwanansu ƙidayayye ne, uku zuwa bakwai, in da ɗumi ma ba sa kaiwa. Wadda ba a taɓa ba kuwa, Howden mai lafiyayyen mariƙi takan yi wata biyu a wuri mai sanyi. Sai dai ruɓewar kilo 10 da ruɓewar kilo 140 ba ɗaya ba ne. Ta farko ka ɗauka da hannu ɗaya ka jefa cikin ramin taki. Ta biyu ta zube a ƙofar gida ta zama kunu, ga ƙudaje, ga kurege na zarya, na yini da shebur da baro. Da na sani da tun rana ta uku na daddatsa ta. Masu dabbobi a ƙauyukan kusa sukan karɓa in ba ta lalace ba kuma ba a yi mata fenti ba, har wasu gidajen namun daji, kamar na Oregon, sukan ba giwaye ƙattin su farfasa.

Uwargida tun farko abin da ya dame ta shi ne almubazzaranci, a noma abinci a yi wasa da shi a zubar. Gaskiyarta, kuma a nan duka biyun ba su da abin alfahari. Tsokar ƙatuwa ruwa ce zalla, salam, ba zaƙi ba garɗi. Mun gwada ta a miyar taushe ta narke ta bar tukunya tsululu. Ta Howden ta ɗan fi, amma zare-zare ce. Ko kabewar gwangwani da Amurkawa ke yin burodi da kek da ita ba daga waɗannan take ba, wani iri ne mai suna Dickinson da ake nomawa a kewayen garin Morton na jihar Illinois. In ana son taushe mai kauri, a sa gindi biyu na ƙaramar kabewar girki mai kilo 2 zuwa 3 a gefe, ko irin mai dogon wuyan nan, wadda tsutsar kara ma ba ta cika damunta ba. Ƙwayar Howden dai ba ma zubarwa, a wanke a shanya a gasa da gishiri da yaji, kafin a gama share wurin an cinye. Ƙatuwar wani kuwa, musamman ta ɗan gasa, kada a ci sai an tambayi irin maganin da ya fesa mata.

Akwai tsaka-tsaki da mutane ba su cika sani ba. Big Max da Prizewinner 'yan dangin ƙatuwa ne, amma sukan tsaya a kilo 40 zuwa 90, sun fi zagaye, launinsu ya fi ja. Ba sa neman rabin hidimar Atlantic Giant, mutum biyu ko uku za su ɗauka, kuma a idon yaro ɗan shekara shida kilo 50 dutse ne. Bangonsu dai har yanzu ya fi ƙarfin zarton yara.

Shawarata ga iyalin da ba su taɓa yi ba, masu ƙananan yara, ko masu ƙaramin fili, ko masu tafiya hutu: Howden, gindi ɗaya ga kowane yaro da ɗaya na ko-ta-kwana, da 'yar kabewar girki a gefe. Ku koyi halin ƙasarku da ƙwarin yankinku da ita. Ƙatuwa ta wanda ke da fili ce, wanda zai zauna gida daga Mayu zuwa Oktoba, wanda kuma shi kansa yake son abin, ba wai yara sun roƙa ba, don roƙon yara ba ya kai Yuli. Kuma ko shi, kada ya ɗora ranar sassaƙa a kanta. Da yake dangin biyu ba sa barbarar juna, ba abin da zai hana ka sa Howden uku a jikin shinge ƙatuwar tana tsakiya.

Bana ba za mu je gida ba, iyaye ne za su zo. Babban ɗana ya riga ya samo ƙwaya biyu daga wani tsoho a ƙungiyar masu noman, ya naɗe su a takarda ya rubuta lambarsu a jiki. Uwargida ta yarda bisa sharaɗi biyu: wurin shanyarta ba a taɓa shi, kuma a kafa ganga a ƙarƙashin indararo tun watan Afrilu.